Samari, ku kama bakinku a teburin mai shayi

Ƙannena maza, da ku nake, musamman masu shirin gama sakandare. Na san kuna ganin iyayen 'yan mata sun cika takura: ba fita bayan magariba, waya sai an duba, in ka je zance a zaunar maka da ƙanenta a bakin zaure. Suna tsoron yarinya ta lalace, haka ne. Amma tsoron da ya fi hana su barci shi ne a ce ta lalace, don a garuruwanmu ko ta yi ko ba ta yi ba, da zarar an faɗa an gama. Mafi yawan lokuta kuma daga bakinmu maganar take fita.

Daga bakina ta taɓa fita. A Tudun Wadar Gusau ne, lokacin ana yayin manhajar hira ta 2go. Akwai wata yarinya da muke gaisawa, in ta dawo islamiyya mu ɗan tsaya a bakin layi. Wani dare a teburin mai shayi abokai suka sa ni gaba da tsiya, wai ni ba ni iya komi sai rakiya. Na kurɓi shayi, na yi wani murmushi, na ce ai ni tuni na wuce wurin. Wallahi ko hannunta ban taɓa riƙewa ba. Aka yi shewa, aka ƙaro min biredi. Kafin wata ya ƙare magana ta shiga gidajen unguwa ta bakin ƙannen abokan nan, mahaifinta ya cire ta daga makaranta ana dab da jarrabawar WAEC. Ni kuwa na zauna na rubuta tawa lafiya lau.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne yadda binciken aure yake. Dangin mai nema ba sa tambayar yarinya, ba sa tambayar ubanta. Wani dattijo suke turowa ya zauna da liman, ya tsaya wurin mai kanti, wata gwaggo ta shiga maƙwabta da sunan gaisuwa. Ba mai neman hujja. Maƙwabciya ta taɓe baki ta ce "To, ana dai magana," shi ke nan, sai a ji masu nema sun yi shiru. Kuma tabon ba ya tsayawa kanta, har ƙannenta mata sai ya shafa, a ce ai gidan ne haka.

Ga shi kuwa mun karanta a allo. Aya ta 4 a Suratun Nur ta ce wanda ya jefi mace mai kamun kai bai kawo shaidu 4 ba, bulala 80 ce, kuma a daina karɓar shaidarsa. Jiharmu ta Zamfara ce ta fara aiwatar da shari'a a shekarar 2000, amma a zaman majalisa ƙazafi ya zama abin hira. Manya suna tune da yarinyar nan ta Tsafe da aka yi wa bulala 100 a farkon 2001 saboda cikin da ya bayyana a jikinta, mazan da ta ambata kuma suka musa, aka sallame su. Uban da ya ga haka, don me ba zai tsare ƙofa ba?

Yanzu abin ya fi namu muni, tunda ku kuna da hujja a aljihu. Hirar da yarinya ta yi da kai, hoton da ta turo, kada ka nuna wa ko amininka, balle ka jefa a rukunin WhatsApp na 'yan aji. In wani ya turo na wata, goge, ka kuma gaya masa ido da ido cewa bai kyauta ba. In abokai suka matsa maka da "Yaya, an dace?", ce musu ba abin da ya faru, su yi dariyarsu, gobe wani za su kama. In kuma har shaiɗan ya ja ku ga kuskure na gaske, to nan ne rufa asiri ya fi wajaba: ku rabu da abin, ku tuba, bakinka alaikum.

Bayan na yi hankali na je wurin yayan yarinyar da na yi wa ƙazafi neman yafiya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To malam, ni na ji. Sai ka bi duk wanda ya ji waccan, ka gaya mai wagga." Na samu abokan mai shayi na gaya musu ƙarya na yi. Biyu daga ciki suka ce rufa mata asiri kawai nake yi.