Langa a tsakar gida

Jiya na ga autata, 'yar shekara 4, tana langa daga bakin rijiya har ƙofar ɗaki ba ta sauke ƙafa ba. Wallahi sai da na saki tsintsiya.

Wata uku baya, ko ƙwallo aka jefa mata sai ta rungumi iska. Malamarsu ta nazire ce ke zana layi da alli kullum da safe, su bi shi, su yi tsalle, su cafe ƙwallo. Da ina ƙorafi, wai kuɗin karatu na biya. Ashe Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ce masu shekara 3 zuwa 4 na buƙatar motsa jiki minti 180 kullum.

Yanzu ita ke ɓalle maɓallin rigarta da kanta.