Disamba a motar RV: ku ji daga bakin wanda sanyi ya koya wa hankali

Ƙannena da ke Amurka, musamman ku da kuɗin haya ya isa har kuka fara kallon bidiyon masu zama a motar RV kuna cewa ai ga mafita ta samu, ni ban ce kar ku yi ba, don ni ma a ciki nake zaune, 'yar tirela ce mai gado da kicin da banɗaki da nake ja da fikof ɗina, aikina kuma na kwamfuta ne duk inda akwai intanet nan ne ofis. Amma akwai wani ɗan tsakani a shekara da masu bidiyon nan ba sa nuna muku, daga bikin Thanksgiving da ake yi Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba har a wuce Kirsimeti da sabuwar shekara. Ni da farko cewa na yi ina ruwana, ba sallata ba ce, su yi bikinsu ni in yi aikina. To bikin dai ba naka ba ne amma rufe kanti naka ne, sanyin ma naka ne, cikar sansani (filin da masu RV ke biya su sauka) ma ta shafe ka, kuma mai zama a mota shi ya fi kowa jin jiki in gari ya rufe tunda komai nasa ɗan kaɗan ne, ruwa kaɗan, gas kaɗan, wuta kaɗan, ba shi da sito.

Bari in fara da gas tunda shi ya fara ba ni kunya. Ranar 25 ga Disamba hatta Walmart a rufe take, balle ɗan wurin da ake ɗura gas a ƙauye, wasu tun azahar ɗin 24 sun ja ƙofa, in kuma abin ya haɗu da ƙarshen mako shikenan ka shiga uku. Ku yi lissafin nan da kanku. Tukunyar gas mai ɗaukar nauyin fam 20 ba ta wuce galan 4.7 ba in an cika ta, hitar cikin irin motocin nan kuma tana iya shan kusan kashi ɗaya cikin uku na galan a awa guda in tana ci ba tsayawa, wato in sanyi ya yi tsanani tukunya ɗaya ba za ta kai ka kwana biyu ba, ga girki ga ruwan zafi duk a jikinta. Kuma waɗannan tukwanen musaya da ake jerawa a keji a bakin kantuna, ka ba da wofi a ba ka cikakkiya, galibinsu fam 15 ake zuba musu ba 20 ba, ku duba rubutun jikin za ku gani. Ku je inda ake ɗura muku a gabanku, ku cika duka kwana uku kafin biki, ku ƙara da tukunya ɗaya ta ajiya ko da kuwa mai hasashen yanayi ya ce lafiya lau.

Babbar wautar da na tafka kuwa a Disambar 2022 ce, lokacin guguwar sanyin nan da ta rufe kusan duk ƙasar ana gab da Kirsimeti, wadda ta binne birnin Buffalo da dusar ƙanƙara. Ina arewacin Teksas kusa da iyakar Oklahoma, ina ta taƙama wai ai na gudo kudu. Sansanin da nake kuɗin wuta na cikin kuɗin wuri, sai na ce to me zai sa in ƙona gas ɗina ga wutar banza, na kashe hitar motar na jona hitar lantarki 'yar ƙarama, ɗaki ya yi ɗumi na ja bargo ina jin ni gwanin dabara ne. Abin da ban sani ba, hitar gas ɗin ba ɗaki kaɗai take ɗumamawa ba, akwai bututun da ke kai iska mai zafi ƙarƙashin motar inda tankunan ruwa da fayif suke, hitar lantarki kuwa ba ruwanta da can. Da asuba na tashi alwala na murɗa famfo, ko ɗigo. Na leƙa waje, tiyon da na jona da famfon sansani ya sandare, na ɗaga shi ya miƙe a hannuna ya ƙi lanƙwasa. Wannan duk mai sauƙi ne. Sai da gari ya ɗan saki bayan kwanaki sannan ainihin abin ya fito, na ji ƙafata ta taka danshi a gaban kicin, na buɗe kabad na ƙarƙashin wurin wanke-wanke na tarar wani ɗan gwiwar roba da ke haɗa fayif biyu ya tsage, tsagar ba ta fi ta farce ba amma ruwa na tsartuwa, buhun shinkafata da ke wurin ya jiƙe sharkaf har ya fara wari, katakon ƙasan ya kumbura. Ga shi tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara ne, duk mai gyaran da na kira sai na'ura ta amsa wai sai Janairu. Garin neman ƙiba na samo rama, kuɗin gyaran ya ninka gas ɗin da na yi wa rowa ban san sau nawa ba.

To ga yadda ake yi. Da kun ga an ce zai sauka ƙasa da digiri 32 a ma'aunin Amurkawa, sifili kenan a namu, ku cika tankin ruwan cikin motar ku cire tiyon waje ku zazzage shi ku shigo da shi, ko ku sayi tiyo mai wayar ɗumi a jiki. Ku bar hitar gas tana aiki ko da a ƙasa-ƙasa ne, ku buɗe ƙofofin kabad ɗin da fayif ya bi ta ciki don ɗumi ya shiga. Ku ajiye jarkar ruwa biyu a cikin ɗaki da buta cike, don wallahi ranar da famfo ya ƙi butar nan ita ce mutuncinka. In za ku zuba maganin hana daskarewa a magudanar ruwa, mai ruwan hoda na RV za ku saya, na injin mota guba ne kar ya kusanci bututun ruwa. Sannan ku san ƙarfin wutarku, yawancin ƙananan tireloli amfiya 30 ne, wat 3,600 kenan gaba ɗaya, hitar lantarki ɗaya tana cin 1,500, ka kunna biyu ka ɗora butar shayi ta lantarki sai bireka ta faɗi, kai ne fita waje ƙarfe biyun dare da tocila kana lalube.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi, kar sanyi ya sa ku kunna murhun girki ku bar shi yana ci wai don ɗaki ya yi ɗumi, kar kuma ku ajiye janareta kusa da taga. Mu ai ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun sha jin labarin iyalin da suka kwanta da janareta a cikin gida gari ya waye ba wanda ya tashi, iskar gubar nan da ake kira carbon monoxide ba ta da wari ba ta da launi, motar kuma ɗan akwati ce. Ku gwada na'urar da ke ƙara in ta ji gubar, ku canza mata batir, tana da ranar ƙarewar aiki a rubuce a bayanta. Kuma duk sanyi ku ɗan buɗe tagar rufi kaɗan, in ba haka ba numfashinku da tururin girki su za su sa bango ya riƙa gumi, wata rana ku ɗaga katifa ku tarar ƙasanta ya yi baƙi da fumfuna.

Tankin banɗaki kuwa, ku yi haƙuri da zancen, kar ku bar bawul ɗinsa a buɗe, ruwan zai tsiyaye ya bar sauran ya taru ya bushe, in sanyi ne ma ya daskare a cikin tiyon. Sai ya kai kashi biyu cikin uku a zubar. Mu da muke tsarki da ruwa namu ya fi saurin cika, ku zubar kafin ranar biki.

Gaskiyar magana dai duk wannan fama maganinsa ka tashi da wuri ka gangara inda ba a daskarewa, sai dai ba kai kaɗai ke da wannan wayon ba. Tsofaffin 'yan fansho daga Kanada da jihohin arewa duk hunturu suke kwararowa Fulorida da kudancin Teksas da Arizona, kuma su tun watanni da yawa baya suke kama wuri, wuraren shaƙatawa na gwamnatin Fulorida ma kusan shekara guda kafin lokaci ake fara rububinsu. Ni na taɓa tashi a tsakiyar Disamba ina buga waya ɗaya bayan ɗaya ana ce min a cike, na ƙare da kwana a filin ajiye manyan motoci ina jin ƙugin injin har asuba. In kun san a mota za ku yi Disamba, tun damina ku fara nema.

Inda ya fi min yanzu shi ne Quartzsite a Arizona, ɗan gari ne a hamada kan babbar hanyar I-10, da rani ba kowa amma da hunturu motocin RV sun rufe ko'ina, a Janairu ma har babbar kasuwar baje kolinsu ake ci. Filayen kewayen na gwamnatin tarayya ne ƙarƙashin hukumar kula da filaye ta BLM, akwai inda za ka zauna kyauta kwana 14 sannan ka matsa, akwai kuma La Posa inda kake sayen takardar izini ta dogon zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, da wurin ɗiban ruwa da wurin zubar da tanki da na shara. Wuta ce babu, sai sola, kuma kar ku yi lissafin sola da ranar Yuni, a Disamba yini gajere ne rana kuma a karkace take, faifan da ke kwance a rufi ba ya samun abin kirki sai an ɗan tada shi ya fuskanci kudu. Dare na yin sanyi a can ma, fankar hitar gas kuma batir take ci, in batirinku litiyom ne ku sani ba a cajinsa in ya kai sanyin ƙanƙara, lalacewa yake. Af, in kun je ku leƙa maƙabartar garin, akwai kabarin wani Hajji Ali da suke kira Hi Jolly, mai kula da raƙuman da sojojin Amurka suka shigo da su a 1856, a nan ya rasu a 1902, an gina masa ɗan dala da mutum-mutumin raƙumi a sama. Juma'a ce dai aiki, sai na je birnin Finiks, wajen awa biyu ce, nakan haɗa tafiyar da sayen naman halal in cika firji.

Saƙo ma ku kula. Wani ɗan uwa a Houston ya taɓa aiko min da kuka da daddawa da yaji zuwa sansanin da na riga na bari, a cunkoson saƙonnin Disamba kayan suka yi lattin zuwa, har yau ban san wa ya sha miyar ba. Gidan waya na da tsarin da za a aiko da sunanka su riƙe maka har ka zo da katin shaida, amma ku fara tambayar reshen ko suna yi. Kilishi daga gida kuwa kar ma a wahalar da kai, kwastan ba sa barin nama ya shigo.

Wanda ya fi fayif ciwo kuma ban taɓa zaton zai dame ni ba shi ne kaɗaici. Yawancin sansanoni sukan yi cin abinci na haɗaka ranar Thanksgiving da Kirsimeti, kowa ya kawo kwanonsa. Wata tsohuwa maƙwabciyata, sa'ar kakata, ta ƙwanƙwasa min ƙofa da kanta ta gayyace ni, na ce mata ina da aiki, alhali tsoron naman alade da giya ne ya hana ni da kuma ɗan girman kai. Na zauna ni kaɗai ina jin dariyarsu ta taga, na kira gida kuma dare ya yi a can kowa ya kwanta, tunda tsakanin Teksas da Najeriya awa bakwai ne da hunturu, Arizona takwas. Kwana biyu bayan nan mijin tsohuwar nan da na ƙi cin abincinsu shi ya kwanta a ƙasa da tsufansa ya nuna min inda bututun ɗumin ya bi. Kunya kamar in nutse. Shekarar da ta biyo na dafa dafa-duka tukunya guda na ɗauki yaji na tafi, na ce musu ba na cin alade ba na shan giya, ba wanda ya ko ɗaga gira, wata ma ta bi teburin da ni tana nuna min wanda aka sa naman alade a ciki, har da wake da ganye don can suna yawan sakawa, talotalo da dankali kuwa na ci na ƙoshi, tukunyata ta dawo wayam. Ba sai ka yi bikin addinin wani ba kafin ka amsa gayyatar maƙwabci, kuma a hamada waɗannan mutanen su ne za su ja ka in batirin fikof ya mutu.

Ku kuma daina ɓoye wa gida. Na daɗe ina kiran Hajiya ta bidiyo ina jingina da labule ɗaya don kar ta gane, ranar da ta gane cewa ta yi "Au, duk karatun nan a mota kake kwana?" sai da na zagaya da ita da waya ta ga gado ta ga murhu ta ga firji sannan ta ce to Allah ya tsare, amma har gobe in za mu yi sallama sai ta tambaya ko na kulle ƙofa. Duk inda kuka sauka ku tura wa mutum ɗaya a ƙasar taswirar wurin, don a wasu filayen sabis ɗauke-ɗauke yake.

Ku da za ku fara yanzu ma akwai ƙarin lissafi a gabanku, azumi na matsowa baya da kwana goma zuwa sha ɗaya duk shekara, a 2030 sau biyu za a fara shi, farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba, wato daidai makon da gari ke rufewa. Yinin gajere ne ba za a sha wuya ba, amma sahur sai an dafa shi, tarawihi kuma na fi so a masallaci, don haka ni a shekarun nan kusa da Finiks ko Tucson zan nemi wuri mai wuta, ko da kuɗinsa ya fi na hamada.