Gonar Whitney a Bakin Kogin Mississippi

Daga birnin New Orleans na Amurka tafiyar kusan awa ɗaya ce, rake dama da hagu har ido ya gaji. Mai masaukina, wani ɗan Damagaram da ke tuƙin tasi a can, shi ya ajiye aikinsa na yini guda ya kai ni. Da na laluba aljihu don kuɗin mai sai ya ce, "Haba Malam, a garin nan kai baƙona ne, mayar da kuɗinka."

Wani Bajamushe, Ambroise Heidel, ya kafa gonar a 1752. Baba suka fara nomawa, ta rini, kafin su koma rake. A 2014 aka buɗe ta ga masu ziyara, kuma labarin bayin da suka yi noman ake ba ka tun daga ƙofa. A wuya aka rataya mini kati mai hoton yaro bawa da sunansa. Cikin wata tsohuwar coci ta katako na tarar da gumakan yara, wasu a zaune kan benci, ƙafa ba takalmi. Na daɗe a gaban bangon dutsen da aka zana sunayen bayin gonar, wasu har da ƙabilarsu, irin su Bambara. Can gaba kuma akwai filin tunawa da yara bayi 2,200 da suka mutu a gundumar.

Tukwanen dafa ruwan rake na nan a waje, na ƙarfe, kowace sai ta haɗiye kaskon masu mazarƙwaila na Maƙarfi har da mai juyawa. Lokacin girbi dare da rana ake hura musu wuta. Babban gidan mai bene, na wajen 1790, shi aka bar mana na ƙarshe, kuma wallahi bayan na ga ɗakunan bayin ban ga kyansa ba. Mu ma fa a da muna da rinji, ƙauyen bayi manoma, kamar gandayen sarki na Fanisau kusa da Kano, amma wa ya taɓa rubuta sunan bawa ɗaya a dutse?

Abinci a hanya tsada kamar me, shinkafa da wake cokali uku, ga mai kawowa tana jiran tukuici tana cin magani.

Mun leƙa wata gonar, Oak Alley, mai manyan itatuwa 28 a jere, kowa hoto kawai yake ɗauka. La'asar ta kawo jiki, muka juya.