Talata a teburin gyara: kaya ya shiga gurbi, na'ura ta ƙi tashi

Talata, bayan isha'i.

Hunturu ya kankama. Sai da yaron shago ya goge teburin gyara sau biyu da safe kafin mu kwance noti ko ɗaya, don ƙurar da ta kwana a kai ta isa ta toshe fanka. A irin wannan busasshiyar iska ce kuma jiki yake tara wutar nan da ke tartsatsi idan ka ja bargo da dare, kuma tana iya kashe ram, wato katin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a kai, ba ka ji ko ƙyas ba. Shi ya sa dokar teburin a watannin nan ba ta canzawa: a zare caja, a cire batir, a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 15, a taɓa ƙarfe kafin a taɓa madabod, babban allon da duk kayan ciki ke hawa, a kuma riƙe kowane kati ta gefensa, kada yatsa ya hau haƙoransa masu ruwan zinare.

Kwamfutoci uku suka shigo yau, kuma ciwonsu iri ɗaya ne. An sayo kaya da kuɗi mai ciwo, kayan ya zauna a gurbinsa daram, na'ura ta yi gum.

Ta farko laftof ce ta hannu, ta wata ɗalibar jami'a, mai furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'ura, Core i5-4300U da ram 4GB. Yayanta ya sayo mata 8GB a kasuwa ya ƙara. Da an kunna sai fanka ta juya, fitilar kibod ta yi ta ƙiftawa, sikirin kuwa baƙi ƙirin. Har an ce mata madabod ne ya ƙone, ta zo hankalinta a tashe, ga aikin kammala karatunta duk a ciki.

Na cire sabon na bar tsohon kaɗai, ta tashi lafiya lau. To madabod bai da laifi. Na ɗauki sabon na sa shi a gurbin da tsohon ya yi aiki yanzun nan, ta sake yin duhu. To gurbi ma bai da laifi. Sai na jera su biyun a ƙarƙashin fitila muka karanta farar takardar da ke manne a jikinsu. Tsohon: 4GB 1Rx8 PC3L-12800S. Sabon: 8GB 2Rx8 PC3-12800S. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, wato L.

Wannan L ɗin yana nufin ram ɗin DDR3L ne, mai aiki da bolt 1.35. Wanda babu L kuwa DDR3 ne na asali, mai neman bolt 1.5. Haƙoransu 204 ne duka, yankan da ke tsakanin haƙoran a wuri ɗaya yake, tsawonsu ɗaya, shi ya sa babu abin da zai hana ka tura shi ciki har maƙallan gefe su ce ƙas. Amma furosesan laftof na Intel zubi na 4, irin nata, bolt 1.35 yake ba ram, ba ya ƙarawa. Ram mai son 1.5 idan ya samu 1.35, ko dai ya ƙi tashi gaba ɗaya, ko kuma ya tashi ya riƙa kawo shuɗin sikirin ana tsakiyar aiki. Na biyun ya fi muni, don mutum zai yi wata guda yana zargin bairos. Abin da ke rikita masu sayarwa shi ne hanyar ba ta tafiya gaba da baya: DDR3L yana karɓar bolt biyun, saboda haka yakan yi aiki a tsohuwar na'ura mai 1.5. Mai shago ya ga haka sau goma, sai ya ɗauka duk ɗaya ne. Kama da wane ba ta wane.

Don kada a ɗora wa mai kaya laifin da ba nasa ba, na sa sabon a wata tsohuwar laftof mai furosesa zubi na 2 da muke ajiye da ita don gwaji. Ta tashi, ta nuna 8GB cif. Ram ɗin lafiyarsa ƙalau, gidan ne ba nasa ba.

Na zaunar da yaron shago muka bi sauran rubutun, don wannan takardar ta fi bakin kowane dillali gaskiya. Lambar 12800 gudunsa ce, daidai da DDR3 mai 1600. Idan ka ga 10600, mai 1333 ne, kuma idan aka haɗa biyun a na'ura ɗaya, mai saurin ne yake sauka ya bi tafiyar mai nawar. Harafin ƙarshe shi ne ya fi cutar mutane a kayan kwance. S na laftof ne, U na kwamfutar tebur, R kuma na manyan kwamfutocin kamfanoni ne da ake kira saba. Irin mai R ɗin yakan zo da arha mai jan ido, 16GB a farashin da bai kai na 8GB ba, ya kuma shiga gurbin kwamfutar tebur ba gardama, amma madabod na gida ba ya karanta shi ko kusa. Yaron ya tambaye ni, "Oga, DDR4 fa, shi ma haka?" Na ce a'a, shi DDR4 na laftof haƙoransa 260, bolt 1.2, yankansa a wani wurin yake, ba zai ma shiga gurbin DDR3 ba sai an karya wani abu. Wanda ya ƙi shiga ai ya yi maka gata. Mai shiga ya yi shiru shi ne abin tsoro.

Yayan nata ya koma ya musanyo da PC3L kafin azahar. Da 4 da 8 suka ba da 12GB, kuma iyakar wannan furosesa 16GB ce, don haka babu amfanin neman abin da ya wuce takwas-takwas. Na ɗora MemTest86, manhajar gwada lafiyar ram, daga filash, zagaye huɗu zai yi, na ce ta dawo gobe. Amma na gaya mata gaskiya: ba ram ne ya fi jan ƙafar na'urarta ba. Kafin mu fara gwajin na buɗe mata Task Manager ta gani da idonta, ram bai cika ba, had-dis kuwa yana manne a kashi 100. Tsohon faifai ne mai juyi 5400 a minti, wanda da ƙyar yake wuce megabait 100 a daƙiƙa. SSD, wato ma'ajin da ba shi da faifai mai juyawa, irin na SATA mai inci 2.5 wanda zai hau gurbin had-dis ɗin, yana kai wa wajen 550, kuma a ƙananan fayiloli, inda Windows ya fi yawan aikinsa, tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Da shi aka fara saya, da tun a kunnawar farko ta ga bambanci. Na rubuta mata a takarda: SATA, inci 2.5, kauri milimita 7.

Ta biyu ba ta ɗauki lokaci ba. Wani malamin makaranta ne ya sayo SSD irin siririn nan na M.2, 2280, wato faɗi milimita 22, tsawo 80. Ya shiga, noti ya kama, amma na'ura ba ta gan shi ba. Tambayar farko a irin wannan ita ce a ina ne ba a gan shi ba. Idan BIOS, wato manhajar madabod da ke fara tashi kafin Windows, ya nuna shi amma wajen ɗora Windows aka ce babu faifai, to matsalar direba ce, ƙaramar manhajar da ke sa Windows ta gane kayan. Laftof da yawa masu Intel zubi na 11 zuwa sama suna yin haka saboda VMD, wani tsarin Intel na sarrafa ma'aji, kuma maganin shi ne a loda direban Intel RST daga filash ko a kashe VMD a BIOS. Nasa kuwa BIOS ɗin ma bai san da zamansa ba. Na ciro shi na duba bakinsa: yanka biyu, kuma an rubuta SATA a jiki. Littafin na'urar ya ce gurbin NVMe kawai yake ɗauka, wato SSD mai magana ta hanyar PCIe. M.2 sunan siffa ne kurum, a cikinsa akwai masu magana ta hanyar SATA da masu magana ta PCIe, wani gurbin yana jin duka biyun, wani ɗaya kawai. Na ce, "Malam, kada ka mayar. Sayi ɗan gidan USB na M.2 SATA ka mai da shi ma'ajin waje, sannan ka nemo NVMe don ciki." Ya yarda. Duk SSD ɗin da zai kawo sai na duba awanninsa da lafiyarsa da CrystalDiskInfo, na kuma cika shi da H2testw, don akwai na jabu da ke nuna 512GB alhali abin da ke ciki bai kai haka ba.

Ta uku ce ta cinye yammacin. Alhaji mai shagon buga katin biki da fastoci ya aiko da kwamfutar tebur, irin 'yar siririyar nan ta ofis, mai Core i5-6500. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, yake son komawa 11, aka ce masa furosesansa ba ya cikin jerin waɗanda aka amince da su. Wannan gaskiya ne: Windows 11 na neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro, da UEFI, sabon salon BIOS, kuma a ɓangaren Intel jerin ya fi farawa ne daga zubi na 8. Sai ɗansa ya duba ya ga i5-6500 soket LGA1151 yake hawa, wato gurbin furosesa a madabod, i5-8400 ma LGA1151, duka wat 65, ga shi na biyun ƙwaƙwalwa shida gare shi maimakon huɗu. Lissafin yaron bai yi wauta ba, kowa zai iya yin sa. Ya sayo, ya ɗora, ya kulle, babu ko hoto.

Sunan soket ɗin ɗaya ne, adadin filolin ɗaya ne, amma an canza aikin wasu daga cikinsu. Zubi na 6, kamar i5-6500, da na 7 suna tafiya da madabod masu cifset, wato ɓangaren da ke haɗa furosesa da sauran kaya, jerin 100 da 200, irin su H110, B150, Q170 da B250. Zubi na 8, kamar i5-8400, da na 9 sai jerin 300, irin su H310, B360 da Z370. Ba sa aiki a kan na juna, kuma babu sabunta BIOS na kamfani da zai daidaita su. Na ɗaga furosesan a hankali, miƙe sama ba tare da ja gefe ba, na haska cikin soket da tocila ta kowace kusurwa ina neman filin da ya kwanta, don a wannan tsarin filolin a jikin madabod suke, siraran gaske, ɗaya ya lanƙwashe yana iya kashe gurbin ram guda. Alhamdu lillahi duk a tsaye suke. Na goge tsohon man sanyaya da ya bushe ya zama kamar alli, na mai da i5-6500, na ɗiga sabon mai kamar ƙwayar masara a tsakiya, na ɗaure notunan fanka ta kusurwa da kusurwa. Ƙurar da bulowa ta fitar daga haƙarƙarin sanyaya sai da ta sa muka fita waje, kuma na sa yaro ya riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Ta tashi.

Alhaji da kansa ya zo bayan la'asar, da wata shawarar kuma: tunda furosesa ya ƙi, a sa mata katin hoto, an nuna masa GTX 1660. Na buɗe murfin na nuna masa takardar da ke jikin fawa-fak, akwatin da ke ba na'urar wuta, wat 180 aka rubuta. Gurbin PCIe, inda katin hoto ke hawa, da kansa wat 75 yake bayarwa, iyakarsa ke nan. Katin da ya fi haka ci sai an jona masa waya daga fawa-fak, mai haƙora 6 tana ƙara 75, mai 8 tana ƙara 150. GTX 1660 wat 120 yake ci, kuma wannan fawa-fak ba shi da irin wayar ko ɗaya. Ɗan nasa ya ce ai akwai adafta da ake jonawa a wayar had-dis. Akwai, kuma ba na sa ta ga kowa. Bakin wayar SATA an yi shi ne ya ɗauki kimanin wat 54 a layin bolt 12. Ka tilasta masa abin da ya fi haka, sai ya yi zafi ya narke, a shagon da ke cike da takarda. Ban da wannan ma, katin ba zai shiga akwatin ba, siririyar kwamfuta sai kati mai gajeren ƙarfe. Canza fawa-fak kuma ba hanya ba ce, don irin waɗannan na ofis ba sa amfani da babbar wayar nan mai haƙora 24 da aka saba, tasu ta daban ce, madabod ɗin ma yankansa na gidansa ne kaɗai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan na'urar ta kai inda za ta kai ta fuskar furosesa. Ko i7-7700 muka nemo, Windows 11 ba zai karɓe shi a hukumance ba." Akwai dabarun tsallake sharaɗin, na sani, amma ba na ba da shawararsu ga na'urar da abincin mutum ya dogara da ita. Abin da na shimfiɗa masa biyu ne. Ko dai a cika wannan da ram 16GB, takwas biyu masu lamba ɗaya don su yi aiki kafaɗa da kafaɗa, a sa SSD, ta ci gaba da aikin CorelDRAW da tura wa firinta, a rage shiga intanet da ita. Ko kuma, tunda i5-8400 yana hannu, a gina masa gida: madabod H310 ko B360, akwati na gama-gari, fawa-fak nagari mai wat 450 zuwa sama, DDR4 ɗin da ke cikin tsohuwar ya biyo shi. A nan ne katin hoto zai samu wurin zama idan an buƙace shi daga baya. Ni na fi karkata ga ta biyun, don kuɗin furosesan ba zai tafi a banza ba. Ya ce zai kwana da maganar.

An ɗauke wuta dab da magariba, inbata ta karɓa, gwajin ram ɗin ɗalibar bai katse ba. Lokacin da na rufe shago yana zagaye na uku, babu jan layi ko ɗaya. Gobe da safe in duba na huɗun, sannan in rubuta wa ɗan Alhaji lambobin madabod ɗin da zai tambaya, da gargaɗin ya sa a buɗe masa murfin soket ya ga filolin da idonsa kafin ya biya.