Kwana biyu a komisariya da takardar kaziye

Ɗan ƙanwata, wanda ya tashi a hannuna a nan Tawa, ya same ni wani dare bayan sallar isha'i da takardunsa a cikin leda, ya zauna a gefen tabarma ya daɗe bai ce komai ba. An buɗe karɓar takardun wani kwankur, wato jarrabawar shiga aikin gwamnati, kuma ya riga ya haɗa takardar haihuwa da ta shaidar ɗan ƙasa da difloma da takardar likita, abu ɗaya ya rage masa, wato kaziye, takardar da kotu ke bayarwa don nuna ko an taɓa yanke wa mutum hukunci. Da na tambaye shi abin da ya hana shi nemanta, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ina ganin in haƙura da kwankur ɗin nan, ka san sunana ya riga ya shiga jastis." Abin da yake nufi shi ne, shekara huɗu da suka wuce, lokacin da yake kabu-kabu, an kama shi tare da wasu samari a kan wani babur da aka sace, ya kwana biyu a komisariya, wato ofishin ƴan sanda, sannan aka sallame shi da aka gano babu hannunsa. Tun daga ranar mutanen unguwa suka sa masa a rai cewa ya ɓata takardunsa har abada, shi kuma ya yarda.

Wannan tsoro ya fi yawa fiye da yadda ake zato, kuma tushensa shi ne mun ɗauki kamu da hukunci a matsayin abu ɗaya, muna ganin akwai wani babban littafi guda wanda duk wanda ya taɓa taka ƙofar komisariya sunansa na ciki. A Nijar kuwa kowane mataki da takardarsa da inda ake ajiye ta. Abin da ƴan sanda ko jandarmomi suka rubuta yana hannunsu da hannun prokirer, mai gabatar da ƙara da sunan gwamnati. Abin da alƙali ya yanke yana wurin grefiye, magatakardan kotun da ta yi shari'ar, gidan kaso ma da nasa rajistan, kaziye kuma yana wani wuri na dabam wanda mutane da yawa ba sa tsammani.

Tsarin kaziye yana cikin kundin dokar tafiyar da shari'ar laifuka, wanda aka fara kafawa da doka mai lamba 61-33 ta ranar 14 ga Agusta 1961, aka yi masa gyare-gyare da dama daga baya, kuma asalinsa gado ne daga Faransa. Ƙa'idarsa ita ce tarihin shari'ar mutum yana bin inda aka binne cibiyarsa. Idan kotu ta same shi da laifi kuma hukuncin ya tabbata, grefiye zai cike wani kati ya aika da shi kotun da ke kula da wurin haihuwar mutumin, a can ake ajiye shi. Saboda haka wanda aka haifa a ƙasar Madawa, ko a Yamai aka hukunta shi ko a Arlit, katinsa gida zai koma, kuma idan yana bukatar kaziye gida zai nema, ko da ya shekara talatin bai leƙa garin ba. A jiharmu akwai manyan kotuna biyu, ta Tawa da ta Birnin Ƙonni, sannan akwai ƙananan kotuna a garuruwa irin su Madawa da Illela da Buza da Keita da Abalak da Cintabaraden, don haka abin da ya kamata mutum ya fara dubawa shi ne abin da aka rubuta a takardar haihuwarsa. Yaron nan a Tawa ya girma, a nan ya yi lakwal, amma an haife shi a wani ƙauye da ke kudancin jihar, kotun can ce ke da hurumin ba shi takardar.

Kaziye kashi uku ne, kuma a bambancin da ke tsakaninsu ne amsar damuwar yaron take. Takarda ta ɗaya tana ɗauke da duk abin da ke cikin katunan mutum, alƙalai kaɗai ake ba wa. Ta biyu an rage wasu abubuwa a cikinta, wasu hukumomin gwamnati ne ke nemanta kai tsaye daga kotu, misali idan za a ɗauki mutum aiki. Ta uku, wadda ake kira "bulletin n° 3" a faransanci, ita ce wadda talaka ya sani, ita ake nema a kwankur da neman biza da neman aiki, kuma mai ita kaɗai doka ta yarda a ba wa. Abin da ke fitowa a cikinta shi ne hukuncin ɗauri na zaman kaso da kotu ta yanke a kan laifi; ɗaurin da aka jingine, wanda muke cewa sursi, ba ya fitowa a ta uku ko da yake yana nan a ta ɗaya. Kwana a komisariya kuwa, ko ƙarar da prokirer ya ajiye bai kai gaban alƙali ba, ko shari'ar da aka wanke mutum a cikinta, babu ɗaya daga cikinsu da ke haifar da katin hukunci, saboda babu hukuncin da za a rubuta.

Na faɗa masa duk wannan, amma na lura bakina bai ishe shi ba, sai ya gani da idonsa. Muka yi sammako muka shiga mota, muka isa kotun da hantsi. A bakin ƙofa akwai mutanen da ke tarar baƙo suna cewa a kawo takardu su shigar, za a samu cikin awa ɗaya idan an ba da na goro. Ban ba kowa ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya bayar, domin tagar grefiye a buɗe take ga kowa, kuɗin da ake biya kuma na tambur ne da abin da aka ƙayyade, a karɓi rasit. Wata mata ce a tagar, da tulin takardu a gefenta an ɗaure su da zare, da fanka tana kaɗa su. Na gaishe ta na ce, "Metur, kaziye ɗana ke nema." Ta karɓi kofin takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa, ta ɗora su kusa da juna, ta bi su da bakin biro harafi bayan harafi, sannan ta ɗago ta ce sunan mahaifi a takarda ɗaya an rubuta shi da "ou", a ɗayar kuma da "o", wanne ne daidai? A nan na ga abin da ya fi kwana biyun komisariya haɗari ga takardun mutanenmu. Sunayenmu kaɗan ne, kuma maƙwabta goma na iya amsa suna ɗaya da sunan uba ɗaya, ga wasu da yawa an rubuta musu shekarar haihuwa ta kintace a takardar da alƙali ya ba su a madadin ta haihuwa. Shi ya sa ake bincike da sunan uwa da na uba da wurin haihuwa gaba ɗaya, kuma shi ya sa harafi ɗaya ke iya tsayar da mutum yini guda, ko ya jingina masa katin wani. Ta ce takardar haihuwa za ta bi, shi kuma ya je ya gyara ɗayar tun kafin ta ja masa matsala a wurin kwankur.

Bayan la'asar aka kira sunansa. Takarda ce guda, da sa hannu da hatimi, a tsakiyarta inda ake jera hukunci an rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe, NEANT, wato babu komai. Ya karanta ta a tsaye, ya sake karantawa a cikin mota, bai naɗe ta ba har muka iso Tawa.

To, ina kwana biyun suka shiga? Suna nan a rubuce, amma a inda jama'a ba su da iko da shi. Wanda aka tsare don bincike ana shigar da sunansa da lokacin kamunsa a rajistan wurin, ana kuma rubuta bayanansa a takardar da ake kira pebe, wadda ake aika wa prokirer. A laifuka na yau da kullum doka ta ba da awa 48, prokirer na iya ƙara wasu 48, ban da shari'o'i irin na ta'addanci da ke da wa'adi mafi tsawo. Daga nan ko dai a saki mutum, ko a kai shi gaban prokirer, wanda zai iya ajiye maganar, ko ya tura ta zaman kotu, ko ya miƙa ta ga alƙalin bincike idan mai nauyi ce. Duk abin da ake yi a wannan mataki sirri ne a doka, ɗan'uwa ba ya da damar karanta fayil, lauyan wanda ake tuhuma ne ke da ita, kuma wata ƙa'ida ta 2014 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa, ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi. Wanda aka kama masa ɗa ko ƙane, abin da zai fi yi masa amfani shi ne ya riƙe ranar kamu da wurin da aka kai shi, ya tambayi ranar da za a gabatar da shi ga prokirer, ya kuma nemi lambar da aka ba fayil ɗin a kotu, domin da lamba ake neman takarda a can, kuma wanda ya je da suna kawai sai ya sha zarya. Idan an ba da umarnin tsarewa aka kai mutum kaso, to sunansa ya shiga rajistan gidan, kuma izinin ziyara daga hannun alƙalin da ke riƙe da maganar ake samunsa.

Zaman shari'a shi ne wurin da ƙofa ke buɗewa. In ban da shari'ar yara da waɗanda alƙali ya ba da umarnin a yi a asirce, kowa na iya shiga zauren kotu ya zauna ya ji, a bainar jama'a kuma ake karanta hukunci. Wanda shari'ar ta shafa yana iya neman kofin hukuncin a wurin grefiye, ya ba da ranar zaman da lambar hukuncin, ya biya abin da aka ƙayyade. A nan nake ganin muna yin sakaci mai tsada. Idan an wanke mutum, murna ke ɗauke hankalin dangi, a tafi gida a yi sadaka, babu wanda ke komawa ya karɓi takardar da ke cewa an wanke shi. Bayan shekara biyar, ranar da wani ya tayar da maganar a wurin neman aiki ko neman aure, sai a koma ana neman fayil a cikin ɗakin ajiya da ƙura ta rufe, ma'aikacin da ya san inda yake kuma an yi masa canjin wurin aiki. Wanda hukunci bai yi wa daɗi ba shi ma yana bukatar ya hanzarta, domin kwana goma ne wa'adin ɗaukaka ƙara, ko da yake yanzu da kotun ɗaukaka ƙara a nan Tawa an rage wa mutanen Adar, wato yankinmu na Tawa, doguwar tafiya. Wanda ba ya da halin ɗaukar lauya ya tambayi ofishin ANAJJ, hukumar taimakon shari'a da aka kafa da dokar Disamban 2011, wadda ke da reshe a manyan kotuna. Bayani kyauta suke bayarwa, kuma da yawa daga cikin abin da na rubuta a nan mutum zai iya jinsa daga bakinsu cikin harshensa.

Labarin tafiyarmu ya zaga unguwa, har wata maƙwabciyata, dattijuwa, ta aiko a kira ni. Wani ɗan ci-rani ne ke neman jikarta, an ce mata ya taɓa zaman kaso, tana so in ciro mata kaziyensa ba tare da ya sani ba. Na ce, "Inna, wannan takarda mai ita kaɗai ake ba wa, ko ni na je kora ta za a yi, in kuna da shakka ku faɗa wa magabatansa ya kawo ta da hannunsa." Ba ta ji daɗi ba, ta ce ai ta ji a Amurka suna kawai ake bugawa a intanet hoton mutum ya fito da duk abin da ya taɓa yi. Gaskiya ne a jihohinsu da yawa bayanan kamu a buɗe suke, har akwai kamfanonin da ke cinikinsu, amma ni ban yi sha'awar tsarin ba, don da a can ɗan ƙanwata yake, da hotonsa na ranar da aka kama shi yana nan yana yawo, alhali ko gaban alƙali bai je ba. Mu ma mun fara yin irinsa da hannunmu, inda ake ɗaukar hoton wanda aka kama a watsa a WhatsApp da Facebook a kira shi ɓarawo tun kafin prokirer ya ga fayil ɗinsa, an manta cewa dokar laifukan intanet ta 2019 ta tanadi hukunci a kan ɓata suna ta wannan hanya. Daga baya na ji magabatan sun yi magana, saurayin ya je garinsu ya kawo takardar da kansa. Abin da ke cikinta ban tambaya ba, ba a kuma faɗa mini ba.

Kwankur ɗin yaron kuwa an ɗaga shi, aka sake buɗe karɓar takardu bayan wata huɗu, kuma da yake kaziyen da bai wuce wata uku ba ake karɓa, nasa ya riga ya tsufa. Wannan karon bai jira ni ba, kuɗin mota da na tambur kawai ya karɓa, ya tafi da asuba da takardar haihuwarsa da sabon katin da aka gyara sunan mahaifinsa a ciki.