Takardar mai saye, da lamba 14

Ban gama shirya Auta ba wayata ta yi ƙara. Dillalin da ke sayar mana da gidanmu ne. "Hajiya, sun turo takardar gyare-gyaren. Kada ki tayar da hankalinki, kowane mai saye haka yake yi." Ni kuwa na san duk wanda ya buɗe baki da kada ki tayar da hankalinki, to ya san abin da ya ɗauko.

Abu 17 suka jero, shafi biyu cif, har da hotuna. Mai duba ginin da suka kawo ranar Asabar ashe duk shirun nan da ya yi yana zagaye da 'yar tocilarsa, rubutu yake yi. Hannun ƙofar banɗaki ya saki. Tayil biyu sun fashe a kicin. Famfon wajen wanke-wanke yana ɗiga. Soket uku ba su da wayar ƙasa. Tagar ɗakin yara ba ta rufuwa sai an danna. Fentin katanga ya koɗe. Ina karantawa ina tsaki, har na iso layin ƙarshe inda mai sayen ya ƙara da nasa hannun: wai yawancin waɗannan abubuwa alamar sakaci ne, don haka a gyara duka kafin a kammala biya.

Sakaci. Shekara 11 ina cikin gidan nan. Ni na san ranar da aka kafa kowace ƙusa.

Na kai Auta makaranta, na dawo, ban ko tuna hanyar da na bi ba.

Da hantsi na kira Yaya, niyyata ya taya ni faɗa. Ya ce in turo masa takardar, ya kuma ce in ba shi rabin awa. Maimakon ya kira, sai ga shi ya zo da kansa, takardar a hannunsa ya riga ya buga ta, ya yi mata alamomi da jan biro. Halinsa ke nan, ba ya zama sai ya ga abin da idonsa. Muka bi gidan ɗaki-ɗaki, ni ina bayani, shi yana gyaɗa kai kawai.

Da muka zauna ya ce, "Ke kalma ɗaya kika karanta a takardar nan." Na ce to ai ita ce ta fi zafi. Ya ce, "Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mutumin nan bai ce ya fasa ba. Wanda zai fasa ba ya ɓata lokacinsa yana ƙirga tayil. Tayi ne ya sake yi, da sunan gyara."

Sai ya nuna mini yadda ya raba abubuwan. Kashi na farko, waɗanda za su iya cutar da mutum ko su ci ginin: wuta, ruwa, rufi. Soket marar wayar ƙasa, in ji shi, ba abin jayayya ba ne, domin idan na'ura ta samu matsala wutar ba ta da inda za ta bi sai jikin wanda ya taɓa. Wannan ko waye ya zo saye zai gani, kuma ko ba a sayar ba ya kamata a gyara. Kashi na biyu, ƙananan abubuwa da ba su fi aikin yini ɗaya ba: hannun ƙofa, robar famfo, tagar da ta kumbura. A yi su, ba don dole ba, don mai saye ya ga an saurare shi. Kashi na uku, fenti da tayil da makamantansu. Waɗannan ya gan su ƙuru-ƙuru ranar da ya fara shigowa, a kansu ya yi tayi, a kansu aka sallama. Tsohon gida ya saya, babu wanda ya yi masa alkawarin sabo. A nan za a ce a'a, cikin ladabi, ba tare da dogon bayani ba.

Har na fara jin sanyi a raina. Na ce ashe abin ba shi da yawa. Sai ya juya shafi na biyu ya ɗora yatsa a kan lamba 14, wadda ya zagaye sau biyu.

"Wannan fa?"

Alamar danshi a silin ɗin ɗakin baya, kusa da kusurwa. Mai duba ginin ya rubuta cewa na'urarsa ta nuna jiƙa a ƙarƙashin fenti, kuma fentin wurin ya fi na sauran silin ɗin sabunta.

Na ce ai tsohon tabo ne. Ya ce tun yaushe. Na ce an daɗe. Ya ce wa ya yi fentin. Na yi shiru. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo," ya mayar da biro aljihu.

Gaskiyar ita ce sau biyu na sa a shafe wurin. Na farko shekara 3 da suka wuce, bayan wani ya hau ya liƙa abu ya ce ya gama. Tabon ya dawo. Na biyu kuwa mako biyu kafin a fara kawo masu kallon gida. A lokacin ce wa kaina na yi kwalliya ce kawai, kowa yana share gida kafin baƙi su zo. Ban taɓa zama na kira abin da sunansa ba sai yau, da na gan shi da lamba a takardar wani. Duk fushin da na kwashe safiya ina yi a kan kalmar sakaci, ashe gudun lamba 14 nake yi. Na karanta takardar sau uku kafin Yaya ya zo, kuma kowane karo idona tsallake layin yake.

Ya yi mini bayanin abin da ban so ji ba. Inda tabo ya fito a silin ba lallai nan ne ruwan ke shiga ba. Ruwa yakan shiga ta ramin ƙusa ko mahaɗar kwano can sama, ya gangara a jikin katako, ya ɗiga a wani wurin daban. Shi ya sa mai liƙin farko bai yi maganin komai ba, saman tabon ya liƙe. Kuma katakon da ya shekara yana jiƙa yana bushewa ruɓewa yake yi a hankali. Sai an shiga cikin silin an duba kafin a san ko aikin awa biyu ne ko na sauya katako.

Na ce to in rage masa kuɗi kawai mana, ya je ya yi da kansa, in huta. Yaya ya ce hanya ce, kuma sau da yawa ita ta fi, domin mai sayarwa yana neman gyara mafi araha, mai saye yana son mafi inganci, in kin gyara da kanki zai iya dawowa ya ce aikin bai yi ba. Amma ba a rage kuɗi a kan abin da ba a san girmansa ba. In kin ce ya faɗi nawa, zai faɗi kuɗin sabon rufi. In ke kika faɗa da ka, za ki faɗi kuɗin gwangwanin fenti. Sai a kawo kafinta biyu ko uku, kowa ya duba ya rubuta nasa lissafin, a tura wa mai sayen kwafi, sannan a yi magana a kan takarda. Duk abin da aka amince, lauya ya sa shi cikin yarjejeniya: me za a gyara, wa zai yi, zuwa yaushe, nawa aka rage in ragi ne. Abin da aka gyara kuma a ajiye rasit da hoto.

Na tambaye shi, in na ƙi duka fa, ya fasa? Ya ce sai ki duba abin da kuka sa wa hannu game da kuɗin kafin alƙalami, ki mayar da gida kasuwa, ki jira wani. Wanin kuma zai zo da nasa mai dubawar. Bambancin kawai, yanzu akwai rahoto a wayarki, ba za ki iya cewa ba ki sani ba.

Da ma can na sani. Wannan ban faɗa masa ba, amma ina jin ya gane.

Bayan ya tafi na ɗauko kujera na hau na danna wurin da yatsa. Ya ɗan lotsa.

La'asar: ɗauko Auta, layi a bakin makaranta, ta ɓatar da murfin gorarta karo na uku. Mai gyaran wuta ya ce zai zo Juma'a. Maigida ya kira daga wajen aiki, na karanta masa takardar, ya yi dariya a kan tayil, da na iso 14 dariyar ta tsaya, ya ce, "Ai na ce miki a bar fentin nan." Bai ce ba. Ni na tuna sarai shi ya riƙe wa mai fentin tsani. Ban ja maganar ba, ba ni da ƙarfinta yau.

Dillali ya sake kira bayan magariba, wai mai saye yana son amsa kafin Litinin. Ya ba ni shawarar in ce ban san da yoyon ba, wai ai babu wanda zai tambaya. Na ce masa zan turo amsata a rubuce.

Na fara rubutawa sau huɗu. Sashen wuta da famfo ya fito tsaf. Sashen fenti da tayil ma na samu kalmomin ƙi masu laushi, har na ji daɗin kaina. Na sa layi ɗaya a kan kalmar sakaci, na goge, na mayar, na sake gogewa. A lamba 14 na rubuta: "Mun san da wannan yoyon, an taɓa gyara shi bai yi ba." Jimla ɗaya ce, amma na fi minti 20 ina kallonta. Ban ambaci fenti na biyu ba. Har yanzu ban yanke ko zan ƙara ba.

Kafinta na farko zai zo ƙarfe 8. Sai na kwashe akwatunan da ke ɗakin baya kafin in kwanta, ƙofar shiga silin ɗin tana daidai samansu.