Wasiƙa daga Balin zuwa ga mutanen Jos: maganaɗisu, zafi da ciwon daji

Assalamu alaikum 'yan uwa na Gangare, Dilimi, Unguwar Rogo da Bukuru. Ina gaishe ku daga Balin ta ƙasar Jamus, inda sanyin ya sa na daina yi wa baƙi alfahari da hunturun Jos.

Dalilin wasiƙar nan wani bidiyo ne da ya iso mini ta WhatsApp har sau huɗu a mako guda, wai Turawa sun gano maganin ciwon daji da maganaɗisu. Na ƙarshen da ya turo, ƙanin mahaifiyata ne, ya haɗa da tambaya: "Ɗana, awarwaron maganaɗisun da ake tallarsa a Taminus, shi ne wannan?" Kawu, ba shi ba ne. Amma da yake ɗakin binciken da nake karatu a kan irin wannan aiki yake, bari in warware zancen.

Duk wanda ya tashi a Jos ya san wasan da muke yi da mayen ƙarfen tsohuwar lasifika. Mu ja shi cikin yashin bakin kududdufin kuza, ya fito da baƙin gari kamar gemu. Cikin garin nan akwai wani ma'adinin ƙarfe da ake kira magnetayit, kuma shi ne tushen maganar. Sai dai a nan haɗa shi ake yi a kwalba, ƙwayoyinsa ƙanana ƙwarai, kamar nanomita 15. Sai ka jera dubbai kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya.

Idan aka zuba ƙwayoyin cikin ƙari, wato kumburin ciwon daji, aka sa su cikin ƙarfin maganaɗisu mai juyawa gaba da baya kamar sau 100,000 a daƙiƙa guda, sai su yi ta ƙoƙarin bin juyin, wannan kai-kawon ya zama zafi. Awarwaro kuwa maganaɗisunsa a tsaye yake cak. Ko shekara ka yi da shi a hannu ba zai ɗumama komai ba, balle ya taɓa ƙari.

Zafin da ake nema kaɗan ne, daga digiri 41 zuwa wajen 45, alhali jiki yana kan 37. Jijiyoyin jinin da ke cikin ƙari a hargitse suke, ba sa iya kwashe zafi yadda lafiyayyen nama ke yi, don haka ƙarin ne ke fara galabaita. Ya kuma yi laushi ga gashin da ake yi wa ciwon daji da na'ura a asibiti da allurar kimo mai kashe ƙwayoyin cutar, shi ya sa galibi tare ake haɗa su.

Mu Hausawa ba baƙin magani da zafi ba ne. Mun san gashi da tsumma, mun san ruwan jego, mun san sakiya. Wata gwaggota da ƙulli ya fito mata a nono, sakiya aka fara yi mata, aka bi da shafe-shafe wata da watanni, kafin a kai ta asibiti abin ya ci jiki. Allah ya jiƙanta. Na daɗe ina tunanin abin. Wanda ya yi mata bai yi kuskure ba da ya ce zafi na kashe cuta. Inda ya faɗi shi ne ba shi da ma'auni, ba ya ganin inda cutar ta tsaya, kuma ƙarfensa sai ya ƙona lafiyayyar fata kafin ya isa ciki. Wannan fanni kaf ɗinsa ƙoƙari ne na kunna wutar daga cikin ƙarin, a kuma san iyakarta.

Tunanin ya tsufa. Tun 1957 wani likitan tiyata a Amurka, Gilchrist, ya gwada shi a jikin karnuka. A nan Balin, a asibitin Charité, Andreas Jordan da abokan aikinsa suka kai shi ga mutane, har a 2010 Turai ta amince da NanoTherm, wato ruwan irin waɗannan ƙwayoyi na kamfanin MagForce, don ciwon dajin ƙwaƙwalwa. A lokacin ana zuba ruwan ƙwayoyin cikin ƙarin, majiyyaci ya shiga injin na awa guda, sau shida. Kafin nan sai an cire duk ƙarfen da ke kusa, har cikon haƙori, don shi ma zai ɗau zafi. Kamfanin ya durƙushe a 2022, abin da masu bidiyo ba sa faɗa.

Matsalar ruwa ita ce ba ya zama inda aka ajiye shi. Ƙwayoyin kan zurare, wani gefen ƙarin ya yi zafi, wani ya tsira. Nan jel ya shigo, wato abu mai danƙo da ke riƙe ruwa a jikinsa. Ku tuna gasarar koko: tsararo take, sai ta ji ruwan zafi ta kama jikinta. Akwai jel mai irin wannan hali, ruwa ne a cikin sirinji, da ya ji ɗumin jiki sai ya daskare ya riƙe ƙwayoyin a wurin. Ana yin wasu da sinadarin ɓawon jatan lande, wasu da na ciyawar teku. Ana ma iya cusa maganin kimo a ciki, zafin ya riƙa sakinsa a hankali a kan ƙarin, maimakon ya zaga jiki duka. Ranar da na ga ana lulluɓe ƙwayoyin da ƙaro, wannan dai da muke zubawa a tawadar allo, wanda ake tsinka a Yobe da Jigawa, sai da na yi dariya ni kaɗai.

To amma gaskiya ɗaya ce: yawancin aikin jel ɗin nan a kwanon gwaji da jikin ɓeraye yake. Ni kaina abin da nake ɗumamawa kullum kwalba ce. Duk wanda ya ce zai sayar muku da shi a shago ko ta waya, kuɗinku yake so.

Kawu, kuɗin awarwaron nan a ba Inna ta hau Keke Napep zuwa Lamingo, likitocin JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, su duba kumburin da ta ce tana ji a hammata. A wannan makon, don Allah, kada a jira in dawo hutu. A gaida mutan gida, a kuma ajiye mini dankalin Bokkos.

Naku,
ɗanku da ke Balin